Man da Za Ka Zuba wa Dattijo a Lagdo

Daga Garwa, zuwa ga ɗana Habibu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta zo hannunka kana cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya tsare duk wanda zai sa ƙafa a jirginka.

Jibi in Allah Ya kai mu za ka ɗora Dattijo, tsohon injin jirgina, a mota ka nufi tafkin Lagdo, ka soma fito da fasinja da kanka. Ka san halina. In na zaunar da kai in yi maka magana, kafin in kai rabi na soma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta "to Baba, to Baba," alhali babu abin da ya shiga. Shi ya sa na rubuta. Ka karanta a mota, in ka sauka ka sake karantawa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Maganar mai ce, man da za ka riƙa zuba wa injin nan. Na san za ka yi murmushi ka ce shekara shida kana haya da babur a cikin Garwa, wane mai ne ba ka sani ba. To babur in ya mutu sai ka sauka ka tura shi gindin bishiya. Jirgi in ya mutu a tsakiyar tafki babu inda za ka sauka, kuma ba kai kaɗai ba ne a ciki. Akwai matan da suka sayo kifi, akwai tsofaffi, akwai masu goyo. Ransu na hannun Allah, amma abin da ka zuba a jarka da safe yana wuyanka.

Dattijo ya girme ka, ya girmi yayyenka duka. Inji ne mai ƙarfin doki arba'in, irin wanda ake haɗa wa mai da fetur wuri guda. Na saye shi hannu na biyu, 'yan shekaru bayan an toshe ruwa a Lagdo, lokacin da kogin Binuwai ya soma ja baya a nan Garwa, manyan jiragen kaya suka daina zuwa, mu masu fito muka bi ruwa can. Har yau in na ja igiyarsa ya amsa, sai mamaki ya kama ni. Ƙarfe ne fa, mutum ya ƙera shi a wata ƙasa da ban taɓa gani ba, ga shi ya binne abokaina da yawa yana nan yana tari yana tashi.

Wanda ya fara nuna mini abin da ke riƙe da shi marigayi Buba makanike ne, Bafillacen nan mai rumfa a bakin gada, Allah Ya jiƙansa. Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Wata rana ya buɗe cikin injin a gabana, ya ɗiga mai a farcensa ya shafe har ya kusa ɓacewa, ya ce, "Ɗanjuma, ka ga wannan? Iyakar abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ke nan. Bai kai ɓawon albasa kauri ba. Kai da fasinjanka da buhunanku, duk a kansa kuke zaune." Na tsaya ina kallon farcen nan kamar wawa. Fistan yana hawa yana sauka sau ba adadi kafin ka ƙifta ido, ga wuta tana ci a kansa, kuma ɗan abin nan da ido bai cika gani ba shi ke hana su cinye juna. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam wannan. Da a ranar na riƙe maganar Buba da kyau, da ban yi rabin wautar da zan ba ka labari ba.

Wautata ta farko gado ce. Kakanka fatauci ya kawo shi ƙasar nan daga wajen Kano, man gyaɗa da man shanu da man kaɗe yake sayarwa. A rumfarsa na tashi. Mu a gidanmu ba a tambayar mai, taɓa shi ake yi. Ka ɗiga tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza, ka buɗe a hankali. In ya yi kauri ya ja zare, mai ne. In ya tsinke kamar ruwa, an yi masa ha'inci. Da wannan ilimin na shiga harkar inji, ina ji da kaina. Aka miƙo mini man jirgi na gaske, shuɗi, tsinkakke, na murza na ture, na ce wa mai kanti ya nemi wani ya cuta, ni ɗan mai mai ne. Na je na sayo baƙin mai na mota, mai kauri kamar zuma, na haɗa da fetur ina alfahari.

Wata biyu Dattijo yana haƙuri da ni. Hayaƙi kuwa, in na taso daga mashigi sai mata su ja gyale su toshe hanci. Buji, wato fulogi, kullum baƙi ƙirin, ina cirewa ina gogewa ina zagin masu yin buji. Daga baya ƙarfinsa ya ragu, jirgin da ke yanka ruwa ya koma jan ciki. Da Buba ya buɗe, sai ga gawayi ya daskare a kan fistan, zobban sun manne, hanyar hayaƙi ta kusa toshewa. Ya kankaro da wuƙa ya zuba mini a tafin hannu, ya ce, "Ga man gyaɗarka, Bahaushe, kai wa uwargida ta yi miya." Mutanen rumfa suka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban gane ba shi ne, man mota zama yake yi a cikin inji yana zagayawa, ba a yi shi don ya ƙone ba. Man Dattijo kuwa tafiya yake yi tare da fetur, ya shafi ƙarfe, ya ƙone, ya fita. Wanda ya ƙone bai bar toka ba shi ne mai kyau. Saboda haka ka ajiye yatsun kakanka a kasuwar man gyaɗa. Ka duba jikin galan. Ka nemi wanda aka yi domin injin ruwa, galibi da hoton jirgi a jiki, da haruffan nan TC-W da lamba uku a gaba. Man zamanin nan na jirgi, wallahi abin mamaki ne. Ka yini kana aiki, ka cire buji da yamma ka gan shi ja-ja-ja kamar gasasshiyar gyaɗa, babu ƙazanta. Mu da muka sha hayaƙin da, mun san ni'ima ce. Sabon mai bai ɓata tsohon inji, in dai na ruwa ne kuma ba jabu ba. Ka saya inda murfin yake a rufe da hatiminsa, kada ka karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa ko da mai sayarwa ya rantse da kabarin ubansa.

Kuma kada ka ce man babur ai shi ma haɗawa ake yi. Na ga galan biyu da ka cusa a cikin buhun kayanka, ragowar na babur ɗinka. Na cire su, suna ɗakin mahaifiyarka, ka yi fushi in ka ga dama. Babur iska ke sanyaya shi, da zafi yake aiki, man da aka yi masa sai da wannan zafin yake ƙonewa sarai. Dattijo ruwa yake sha yana fitarwa, jikinsa bai kai can ba. Ka ba shi man babur, sannu a hankali zai tara maka irin gawayin da na tara.

Wauta ta biyu a ƙafar injin na yi ta, can ƙasa inda giya take kusa da farfela. Akwai ƙusoshi biyu masu murɗawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ni da na saba ɗura mai a kwalba da mazurari, sai na buɗe ta sama na zuba. Ya cika har ya tumbatsa, na rufe na tafi. Ashe iska ce ta tokare a ciki, man da ya shiga bai kai rabi ba. Sati uku giya ta soma kuka kamar ana niƙa tsakuwa. Daga ƙasa ake ɗurawa, Habibu. Ka buɗe duka biyun, ka matsa man ta ramin ƙasa har sai ya ɓullo ta sama, ka rufe na sama tukuna, sannan ka yi sauri ka rufe na ƙasa. Man giya na jirgi, lamba casa'in. Duk lokacin da za ka canza, ka tara tsohon a kwano ka kalle shi da rana. In baƙi ne ko ruwan zuma, lafiya. In ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren masunta ne ya naɗe bayan farfela ya yanka robar. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan makon. Na taɓa cewa haka, na yi wata guda a tudu ina jiran haƙoran giya daga Najeriya, a shekarun nan da kayan gyara suka yi wuya ko'ina. Ka riƙa cire farfela kana shafa wa sandarta giris wanda ruwa bai wankewa, in ba haka ba ranar da kake son cire ta sai ta ce ba ta san ka ba.

Fetur kuma, na san na bakin titi, wanda muke kira zuwa-zuwa, za ka saya kamar kowa, ba zan yi maka wa'azin da ni ban bi ba. Amma ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Ka shinshina ko an sa kalanzir. Ka tace da ƙyalle mai tsabta. In za ka haɗa, fara zuba fetur kaɗan, sa mai, girgiza sosai, sannan ka cika. Haɗin da ya kwana biyu a rana har ya canza wari, ba na Dattijo ba ne.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na yi ta kewaye-kewaye don nauyinta nake ji.

Ka san labarin Tsamiyar Matattu. A bakina ka ji shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yadda na ɗauko mutum goma sha huɗu ranar kasuwa, muka zo daidai inda tsohon ƙauye ya nutse, inda kan wata busasshiyar tsamiya ke leƙowa daga ruwa, sai inji ya tsaya cak kamar an riƙe shi da hannu. Yadda aka ce mutanen da ke kwance a maƙabartar ƙasan ne suka gaji da ƙarar inji a kansu. Ka san tun daga ranar masu fito ke kauce wa wurin, su yi doguwar hanya ta tsakiyar tafki. Shekaranjiya na ji kana gaya wa mahaifiyarka ta kwantar da hankalinta, ko kusa da tsamiyar ba za ka bi ba.

Habibu, babu wanda ya riƙe injin nan. Ni na kashe shi.

A lokacin wani sabon mai ya shigo, mai kyau ne ƙwarai, ba shi da laifi. A jikin galan an rubuta da Faransanci cewa ana iya haɗa shi ɗaya bisa ɗari. Wani malamin makaranta ya karanta mini. Dattijo kuwa masu ƙera shi ɗaya bisa hamsin suka ce, wato rabin lita a jarka mai cin lita ashirin da biyar, kuma haka nake ba shi shekara da shekaru. Sai na rage zuwa kwata. Ba rowa ta sa ni ba, son a yaba ne. Hayaƙi ya ɗauke gaba ɗaya, mutane a mashigi suna cewa injin Ɗanjuma ya koma sabo, mata suna zaɓen jirgina don tufafinsu ba sa wari. Ni da aka yi wa dariya saboda hayaƙi, sai ga ni ana nuna ni da yatsa don rashinsa. Kaina ya kumbura. Buba ya ce mini, "Galan bai san injinka ba. Sababbin injuna yake wa magana." Na ce masa tsufa ya kama shi.

Ranar, bayan azahar ne, farkon damina. Jirgi cike, na buɗe wuta don na ga gabas ta soma haɗe rai. Na ji muryar injin ta canza, ta yi wani siriri kamar yana roƙo, na yi kamar ban ji ba. Sai ƙaf. Na ja igiya, ko motsi. Na taɓa kan inji, ya ƙone mini tafi. Nan take na san abin da na yi.

Ban taɓa ganin hadari irin na ranar ba, kuma ban ƙara gani ba. Ya taso daga bayan duwatsu baƙi wuluk, tun daga ruwa har sama, ƙasansa fari fat saboda ruwan da yake zubarwa, yana tahowa a tsaye kamar bango. Tafkin gaba ɗaya ya yi tsit. Tsuntsayen da ke kan ruwa suka tashi a tare suka bar mu. Na ga girman ikon Allah, na ga ƙanƙantar kwalekwalena da mutanen da ke cikinsa, har na manta da tsoro na ɗan lokaci, kallo kawai nake yi. Filafili biyu gare mu. Babu gaɓa kusa, babu dutse, babu komai sai kan tsamiyar nan. Ni da wani mai sayar da gishiri muka tuƙa har hannuwanmu suka fashe, muka isa, na ɗaure igiya a reshe mafi kauri, iska ta iso.

Abin da muka gani a sa'a ɗayan nan, Allah kaɗai Ya san shi. Igiyar ruwa tana ɗaga mu tana bugawa, mata suna kwarfe ruwa da ƙorai da kwanonin awo, kowa na salati da harshensa, da Hausa da Fillanci da wasu da ban sani ba. Reshen nan yana ƙara kamar zai karye, bai karye ba. Itacen da ya shekara goma sha wani abu a mace a cikin ruwa, shi ya riƙe mu.

Da iska ta lafa, rana ta fito, ruwa ya kwanta kamar ba shi ba. Akwai wata tsohuwa Bafillata a gaban jirgi. Sai ta miƙa hannu ta dafa reshen, ta leƙa cikin ruwa, ta ce a hankali, "Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. A gindinta aka yi mini kitson aure. Babana yana kwance can gaba kaɗan." Wani ya ce, to ai shi ya sa inji ya tsaya a nan. Wani ya karɓa. Kafin masunta su zo su ja mu gaɓa da la'asar, magana ta riga ta zauna. Aka juyo ana tambayata, "Ko ba haka ba, Malam Ɗanjuma?" Ina jin zafin ƙunar a tafina na ce, "Haka ne."

Buba kaɗai ya sani. Da ya buɗe injin ya ga fistan a bushe, ya yi shuɗi, ya kakkarce, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Matattun nan naka sun iya shan mai." Bai ƙara ba, bai kuma gaya wa kowa ba har ya koma ga Allah. Ya gyara, na koma rabin lita, ban sake ragewa ba. Amma labarin na bar shi, har na riƙa ƙara masa gishiri, don ya fi mini daɗi a ce aljanu da matattu sun tare ni da a ce na kusa hallaka mutum goma sha huɗu saboda son yabo.

To ga nasihar. Awo na inji ne, ba na galan ba. Ko wane irin mai aka kawo, ko an ce daga sama ya sauko, rabin lita a jarka. Dattijo ya tsufa, jikinsa ya saki, in za ka kuskure ka kuskure wajen ƙari kaɗan, buji ne kawai zai yi baƙi ka goge. Na sa maka gwangwanin awona a cikin akwatin sifana, na yi masa zane da ƙusa daidai inda za ka tsaya. Ɗan hayaƙi shuɗi da safe ba abin kunya ba ne. In muryar inji ta canza, rage wuta nan take, kada ka yi abin da na yi. Abin da ya shige maka duhu kuma ka tambayi makanike, ni ma ba duka na sani ba.

Amma abin da ya fi damuna ba injin ba ne. A duk faɗin wannan yanki na tafki, tsamiyar nan ce kaɗai abin da mutum zai ɗaure jirgi in hadari ya rutsa shi. Bara na tambayi masu zuwa daga can, sun ce kututturenta yana nan, da reshe biyu. Shekara da shekaru masu fito suna guje mata saboda ƙaryata, suna bi ta tsakiya inda igiyar ruwa ta fi girma, inda babu abin kamawa. Duk damina in na ji an ce jirgi ya kife a Lagdo, ba na iya tambayar a ina, don ina tsoron amsar. Yanzu ga ɗana zai bi sahunsu, da labarin da na sa masa a kunne da bakina.

Ka bi ta tsamiya, Habibu. Rage gudu saboda kututture, ka yi wa mutanen ƙasa sallama da addu'a kamar yadda ake yi wa kowace maƙabarta, ka wuce. In sama ta ɓaci, nufe ta kai tsaye ka ɗaure. Kuma ranar kasuwa ta farko, in masu fito sun taru a mashigi, ka gaya musu abin da na rubuta, da sunana, kada ka rage komai. Akwai tsofaffin da suka san ni a cikinsu. Za su yi dariya, wasu za su zage ni, kai ma za ka ji kunya a ce ubanka ne. Ka daure ka faɗa. Da ƙafafuna suna kai ni, da ni zan je in tsaya a gabansu.

Ka yafe mini ƙaryar da na rene ka da ita.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba tukuna, yau bayan la'asar zan gaya mata da kaina. Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka fita a sa'a ka dawo a sa'a. Allah Ya kwantar maka da ruwa, Ya kare ka daga iskar da ta fi ƙarfinka, Ya sa duk wanda ka ɗauka ka sauke shi a gaɓa da ƙafafunsa. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗanjuma mai fito.